Buhun da Aka Ɗinka wa Hula

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga autana Muntari. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sauke ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka yini da inda za ka kwana. Na sa wannan takarda cikin jakarka, ƙarƙashin rigunanka. Kada ka karanta ta a tsaye. Ka bari sai ka yi salla ka ci abinci.

Za ka ga rubutun ya karkace. Ka yi haƙuri da shi, hannun da ya koyi riƙe biro bayan furfura ta fito ne. Na zaɓi in rubuta don na san halina. In na buɗe baki a gabanka, ko in yi kuka ko in yi faɗa, kuma ko wanne na yi sai ka ce "to Inna, na ji" ka ɗauki takalmanka ka fita.

Ranar da ka dawo daga ganin manajan kamfanin shinkafa, ka zauna a bakin ɗakina kana cin tuwo kana ba mu labari. Ka ce ba dako za ka yi ba, kai za ka riƙa lura da masu dako, kana tsaye da rigarka mai tsabta. Na ji daɗi, Allah ya sani, don na san abin da buhu yake yi wa jikin mutum. Sai ka ƙara da cewa manaja ya ja ka gefe ya gaya maka akwai wasu cikin leburori masu son kafa ƙungiya, kuma yana so ka riƙa kai masa sunan duk wanda ka ga yana tara mutane. Ka faɗi haka kana dariya, ka ce, "Inna, ni mi ya haɗa ni da ƙungiya? Aiki za ni yi, ba siyasa ba." Babanku yana kwance a tabarmarsa yana jin ka. Sai ya juya fuskarsa bango. Kai ba ka gani ba. Ni na gani.

Tun ranar raina yake tafasa. Ba da kai kaɗai nake fushi ba. Ina fushi da manajan da ban taɓa gani ba, wanda ya dubi yaro ɗan ɗan dako ya ga ya dace da wannan aika. Ina fushi da mutanen da suka wuce, da waɗanda ke magana a rediyo, da kaina. Abin da zan gaya maka ka san rabinsa, don a gidan ka tashi. Amma ka san shi ne kamar yadda yaro yake sanin abu, daga bakin ƙofa. Yau zan shigar da kai ciki.

Da aka kawo ni Aliero daga Liba ban san komai ba sai surfe da daka. Da 'ya'ya suka fara zuwa, abin da babanku yake samu a dako ya daina kai mu, sai na shiga cikin matan da ke zaɓar albasa a rumfar Alhaji Tukur. Ka san aikin. A zube miki tsibi, ki ware ruɓaɓɓa, ki cire ɓawon da ya saki, manya gefe, ƙanana gefe, tun rana ba ta yi zafi ba har idonki ya daina gani sosai. Ranar farko Alhaji ya tsaya a kaina ya tambaye ni nawa zan karɓa. Na sunkuyar da kai na ce, duk abin da ka bayar, Alhaji. Haka aka koya mini. 'Yar mutunci ba ta ciniki da dattijo, balle a kan ladan hannunta. Ya yi murmushi ya ce lallai an yi mini tarbiyya.

Wannan kalma ita ta zama albashina na shekaru. Ranar da ciniki ya yi kyau ya ba da abin da ya ga dama, ranar da ya ce kasuwa ta faɗi sai a cika mana zane da albasar da muka ware da hannunmu muka ce ba ta sayuwa. Mu ɗauka mu yi godiya, har da durƙusawa.

A cikinmu akwai wata Kulu, 'yar garin Gehuru, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ita ranar da ta zo ko zanenta ba ta gyara ba ta ce, "Alhaji, nawa ne buhu? Hwaɗi min tun ban zamna ba." Alhaji ya ce bai taɓa ganin mace mara kunya irinta ba, ko a Jega ranar kasuwa. Muka yi dariya, har da ni, kuma tawa ta fi ƙarfi, don ina so Alhaji ya ga ni ba irinta ba ce. Ya faɗa mata kuɗin don yana da mota tsaye tana jiran kaya. Daga baya na gane duk ranar da aka sallame mu da ruɓaɓɓar albasa, Kulu kuɗinta take ƙullewa a bakin zane ta tafi.

To ka ji. Kunya tana da wurinta, ka kai ta gidan surukanka in lokaci ya yi. Ranar da ka fara aiki ka tambaya da bakinka, a gaban mutane: wane ne ya ɗauke ni, kamfani ko ɗan kwangilar da ke kawo musu ma'aikata? Ƙarfe nawa ake tashi? In an wuce lokaci, akwai ladansa? In inji ya kama hannuna, wa zai kai ni asibiti? Ka ce mini ba ka tambayi ko ɗaya ba don kada a ce ka cika tambaya tun ba ka fara ba. Na ji muryata a bakinka, kuma ban ji daɗinta ba. Duk wanda ya ji haushi don ka tambayi haƙƙinka, ya riga ya yi niyyar cin sa.

Yanzu maganar buhu.

Da can buhun albasa buhu ne. A cika shi, a ɗinke baki, ƙato ya sa shi a kafaɗa ya hau katako ya jefa a mota. Amma komai a kasuwar nan da buhu ake lissafa shi. Kuɗin mota da buhu, harajin kasuwa da buhu, ladan dako da buhu, manomi ma da buhu ake saya a hannunsa. Sai masu saye suka ga dabara. Suka fara yanko rabin wani buhun suna ɗinkawa a bakin na farko, a ci gaba da zuba albasa har ta yi tozo. Muka riƙa ce masa hula. Shekarar farko hular 'yar ƙarama ce. Kowace kaka sai ta ƙara tsawo, har ya zama sai mutum biyu sun ɗaga sun aza wa na uku, shi kuma ƙafafunsa na rawa a kan katako. Sunansa dai buhu ɗaya. Ladansa ladan buhu ɗaya.

Masu dako suna da shugabansu a lokacin, Labbo, kuma a lokacin namiji ne. Ya tara su suka yanke shawara ba mai ƙara taɓa buhu mai hula sai an rage shi ko an ƙara lada. Suka zaɓi tsakiyar kaka, lokacin da zafi ya sauko. Kai ɗan Aliero ne, ka san albasa ba gero ba ce, ba ta jira. Motocin kudu suka yi layi, direbobi suna kwance ƙarƙashinsu suna zagi, tsibin albasa ya fara zufa yana wari. Ban taɓa ganin fuskar masu kuɗin kasuwar nan yadda na gan ta a kwanakin ba. Saura kaɗan su sauko. Kowa ya san haka, har mu mata.

Amma a gida tukunya ba ta san da wannan ba. Ba dako, ba zaɓa, yayyenka suna ƙanana, kai kana ciki. Ana haka sai ga Alhaji Tukur da kansa a ƙofar gidanmu, da hantsi, lokacin da ya san babanku yana can wurin taronsu. Mutumin da bai taɓa sanin hanyar gidanmu ba. Ya sa aka shigo da gero. Ya tsaya a zaure ya yi mini magana ta bayan zana, da murya mai taushi. Ya ce shi bai ɗauke ni ma'aikaciya ba, ɗiya ya ɗauke ni. Ya ce yana tausayin cikin da ke jikina. Ya ce Labbo yana da gonar fadama, ko an yi shekara ba a aiki ba zai ji yunwa ba, mu fa? Ya ce mace ta gari ita ke dawo da mijinta hanya.

Na dawo da shi. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na jera masa yaran a gabansa. Ya ce mini in ƙara haƙuri, abin ya kusa. Na ce ya je ya gaya wa cikin yara haka. Daga ƙarshe ya ce, "To, gobe sai in koma." Babanku shi ne ƙarfin layinsu, duk buhun da ya gagara shi ake kira. Da sauran suka hango shi a kan katako da buhu mai hula, kafin azahar rabinsu sun bi shi. Yajin ya mutu a ranar. Hula ta zauna, har yau tana nan.

Ba gafararka nake nema ba. Ni da babanku mun gama wannan magana tsakaninmu tuntuni. So nake ka ga yadda ake yi. Alhaji bai je wurin maza ya yi musu gardama ba, don ya san a can ba shi da ta cewa. Gida ya zagayo, wurin mace mai ciki da tukunya a kife. Haka suke yi, kuma ba su canza ba, riga kawai suka canza.

Kana aji uku na firamare abin ya faru, ka tuna an shigo da babanku a kan ƙofar katako. Da azahar ne, yana tsakiyar hawa, ya ce ya ji wani abu ya tsinke a ƙugunsa kamar igiyar guga. Garin nan da mutane ke zuwa daga nesa neman masu ɗori, muka kai shi wurin wanda ya fi kowa. Tsohon ya shafa bayan ya daɗe, ya ce wannan ba karaya ba ce da zai haɗa, baya ne ya gaji ya ƙi. Alhaji ya aiko da gaisuwa da ɗan abin sayen magani, sau ɗaya. Da na je rumfa na tsaya a gabansa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙaddara ce, Hajara. Sai haƙuri."

Muntari, ni Musulma ce, na yarda da ƙaddara mai daɗi da mara daɗi. Amma basillar da ta ɗinka hular nan a hannun mutum take, kuma na san mutumin, na san wanda ya sa shi. Ba abin da ke ƙona mini rai kamar mai kuɗi ya ɗora wa talaka abin da ya fi ƙarfinsa, in ya karye ya jawo sunan Allah ya rufa a kai. Ranar da wani ya faɗi a gabanka a kamfanin nan, kuma sai wani ya faɗi, kada in ji ka buɗe baki ka ce ƙaddara tun ba ka dubi nauyin abin da aka aza masa ba. Kafin ka ce wa kowa ɗauki, ka sa buhun a kafaɗarka ka kai shi inda za a kai. In bai ɗauku gare ka ba, ka san abin da kake umurta.

Akwai kuskurena na uku, bayan na kunya da na yajin nan, kuma shi ne wanda ya shiga kunnenka.

Bayan yajin ya mutu, Labbo ya canza. Ko gajiya ya yi, ko ya ga mutanen da ya tsaya dominsu sun watse sun bar shi, ban sani ba. Masu rumfuna suka jawo shi jiki. Sai ga babur, sai ga babbar riga, sai ga shi yana cin abinci a inuwarsu. Kowace ranar kasuwa yana karɓar kuɗin ƙungiya a hannun masu dako, ba mai tambayarsa inda suke zuwa, kuma ba a ƙara zaɓe ba. Da babanku ya kwanta, ƙungiyar da ya yi shekaru yana zuba mata ta zo gaisuwa, suka cika zaure, suka yi addu'a, suka sha ruwanmu, suka tafi. Daga ranar na sa wa kalmar ƙungiya karan tsana. Na riƙa faɗa a tsakar gida, kuna ji, cewa ƙungiya taron ɓarayi ce, kowa ya yi ta kansa. Kai kana wasa a gindin turmi kana ɗauka. Shi ya sa da ka yi dariyar nan ban mare ka ba. Ni na zuba maka ita.

Kulu ce ta gyara mini tunani, kuma ba da daɗin baki ba. Ta daɗe tana bin matan rumfuna ɗaya bayan ɗaya, tana cewa mu haɗa baki kada kowa ta zauna gaban tsibi sai an faɗi kuɗin buhu, kuma kuɗi, ba ruɓaɓɓar albasa ba. Na ce mata ni na ga ƙarshen ƙungiya a zaurena. Ta dube ni ta ce, "Ke Hajara, in tuwo ya yi gudaji, tukunya kike fasawa?" Ta ce Labbo mutum ɗaya ne, kuma ya yi abin da ya yi ne don waɗanda suka aza shi sun koma gida sun yi barci. Na zage ta, ta rama, muka yi wata ba ma gaisawa. Ni ce ta ƙarshe da ta shiga cikinsu.

Ba wani abin a zo a gani muka samu ba, kada ka ɗauka labarin nasara nake ba ka. An faɗi kuɗin buhu. An kafa mana rumfar zana don da a rana muke zama. An daina korar mace don ta tashi ta ba jariri nono. Wata shekarar sukan danne mu, wata shekarar mu ɗan ɗaga. Amma shugabarmu duk kaka sai ta tsaya a gabanmu ta faɗi abin da ta yi, kuma mun taɓa sauke wata muka aza wata, ba a mutu ba. A cikin matan nan ne aka kawo malamar yaƙi da jahilci, har na iya rubuta maka wannan. Saboda haka in ka ga shugaban ma'aikata ya fara ƙiba shi kaɗai, ku sauke shi. Kada ka ce don shi ka bar mutane ka koma wurin manaja, don manaja ba ya sauke kansa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce waccan kasuwar albasa ce, wannan kamfani ne mai injuna da ofis da doka. Ina sauraren rediyo, Muntari, kullum yana rataye a bakin madafa. Na ji an ce an ƙara mafi ƙarancin albashi, aka yi ta tafi. Na jira in ga ya iso rumfarmu, bai iso ba. Bai iso wurin mai dako ba, bai iso wurin mai ɗinkin buhu ba, kuma aka ce mini ko a kamfanoni wanda ɗan kwangila ya kawo ba ya cikin lissafi. Amma da aka ƙara kuɗin fetur, a yinin ya iso. Bai nemi takardar kowa ba. Ya hau kuɗin mota daga nan zuwa Jega, ya hau injin ban ruwa a fadama, ya hau niƙa, ya hau maganin babanku. Abin da za a karɓa a hannunmu yana da ƙafa, abin da za a ba mu kullum yana hanya.

Aka ce mu yi haƙuri, gyara ake yi, daɗi yana gaba. Masu faɗar haka ban ga wanda wuyansa ya rame ba. Manyan ƙungiyar ƙwadago na can birni su ma sukan fito su yi ruri, su sa ranar yajin aiki, mu ce to yau za a yi ta. Sai a kira su ɗaki mai sanyi, su fito su ce an dakatar, ana tattaunawa. Ban ce duk ƙarya suke ba, wataƙila suna samo wa masu albashin gwamnati wani abu. Amma ba su san akwai mu ba, kuma ba za su sani ba sai ranar da irinmu suka taru suka yi yawan da ba a iya tsallake su.

Shinkafar ma da kake taƙama da ita, ka tambayi dangina na Liba da mutanen Kuberi. Shekarar da aka ce an rufe iyaka kowa ya koma gona, suka ci bashin taki suka shuka har bakin hanya. Da aka waiwaya aka bar ta waje ta shigo, farashi ya faɗi a hannunsu, taki kuwa bai faɗi ba. Wanda ya yanke wannan hukunci bai taɓa tsayawa cikin ruwan fadama ba, kuma bai tambayi kowa ba. Ranar da aka ƙara juya dokar, kamfaninku zai rage aiki. Ka zauna ka yi tunani wa za a fara sallama. Rigarka mai tsabta ba za ta hana ba. Wataƙila kai ma ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke ka, kamar su. Manajan da ke ce maka yaronmu zai ce wallahi ba daga shi ba ne, daga sama ne. Ranar za ka fito ƙofar kamfani tare da mutanen da ka kai sunansu, ku tsaya a rana ɗaya kuna jiran mota ɗaya. Da wane ido za ka dube su?

Kada kuma ka ɗauka tura ka nake ka zama mai tayar da fitina. Ni uwa ce, tsoro ya fi yawa a cikina. Ban ce ka hau tebur ka yi ihu ba. Kada ka jefi kowa, kada ka taɓa injin mutane, kada ka tsaya gaban ɗan sanda mai bindiga kana nuna masa yatsa, don in an harbe ka waɗanda suka zuga ka gaisuwa kawai za su zo. In akwai magana da manaja, kada ka shiga kai kaɗai, ku shiga da yawa, a ji abin da kowa ya ce. Ka yi aikin da aka ɗauke ka da gaskiya, kada ka saci ko ƙwayar shinkafa, don kada su sami abin kama ka da shi. Ka rufe hancinka daga ƙurar ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, na ga yadda take cin ƙirjin masu casa. In sun ƙi ba ku abin rufewa, wannan ma magana ce ta a taru a faɗa.

Abu ɗaya na hana ka, kuma ban yi maka sassauci a kansa ba. Kada sunan kowa ya fita daga bakinka zuwa kunnen manaja. In ya tambaye ka, ka ce kai buhu aka sa ka ƙirga, ba mutane ba. Duk sunan da ka kai, akwai mace a bayansa da yara, kuma washegari ba su da abinci. Mutanen nan ba juyin mulki suke shiryawa ba. So suke a faɗa musu ladansu, a rage musu nauyi, a kai su asibiti in sun ji ciwo. Abin da babanku ya nema ke nan.

Jiya da la'asar kawunka Sahabi ya zo, shi da ya yi maka hanyar aikin. Bai zo hannu sake ba, har da lemu. Bayan an gaisa ya ce ashe manaja ya kira shi, ya ce ya ga kamar ka yi jim da aka yi maka maganar sunaye, yana so a ƙara ja maka kunne daga gida. Kawunka ya ce shi ya sa fuskarsa a wannan aiki, kada a kunyata shi. Ya ce yaro ba ya tsallake maganar uwa, in kira ka in ce maka in kana neman albarkata ka bi abin da na gaba ya ce, ko mene ne.

Na bar shi ya gama. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya, kuma na san ba mugunta ce ta kawo shi ba, shi ma tsoro ne. Na ce, "Sahabi, an taɓa aiko ni irin wagga aika, na kai. Ga ta can kwance a tabarma. Ba ni ƙara kai wata." Ya ce na cika zafin kai, zan jawo wa yaro asara. Ya tashi ya tafi bai yi sallama da babanku ba.

Na gaya maka wannan don ka san sun riga sun zagayo gida, tun ba ka fara aikin ba. Za su ƙara zuwa. Wata rana za a kira ka a waya a ce Inna ta ce ka yi haƙuri ka bi, Inna ba ta da lafiya saboda kai, Inna ta ce ka tuna halin da gida yake ciki. Kada ka yarda. Ko muryata ka ji da kunnenka ina kuka ina cewa ka bi, don na san kaina, yunwa da tsoro suna iya sa ni faɗar haka, ka ce mini, Inna, ba haka muka yi da ke ba. Wannan da na rubuta da hankalina a jikina ita ce maganata.

In sun kore ka don ka ƙi, ka hau mota ka dawo. Kada ka laɓe a Jega wurin abokai kana jin kunyar shigowa gari. Ka shigo da rana tsaka ta bakin kasuwa, kowa ya gan ka. Zan ci gaba da zaɓar albasa, hannuna bai mutu ba tukuna, abin da muka ci jiya shi za mu ci gobe. Albarkata ba ta hannun manaja, ba ta hannun kawunka. Na riga na sa maka ita, kuma kora ba ta cire ta.

Allah ya tsare mini kai, gabanka da bayanka. Allah ya ba ka lafiyar jiki da ƙarfin zuciya, ya ciyar da kai halal, ya kare ka daga zaluntar wani, ya kare ka daga mai zaluntarka. Ka riƙe salla a kan lokaci. In ka sauka ka kira wayar maƙwabta a gaya mini, don ba zan iya cin abinci ba sai na ji. Babanku ya ce in gaishe ka, ya ce kuma in rubuta maka cewa ka gaishe masa da masu dakon.

Wassalam.

Innarka,
Hajara
Aliero